Jarrabawa da Goyo a Baya

Ƙarfe takwas saura kwata na safiyar wata Litinin, mu uku ne a ofishin hedimasta: shi, da ni, da wata budurwa mai gilashi wadda ta rataya jaka irin ta maza. Makarantarmu firamare ce a Sabon Gari, Zariya, ni kuwa aji ɗaya nake riƙe da shi. Shekarar da aka buɗe firamare kyauta ga kowa ce, yara sun cika aji har bakin ƙofa, wasu a benci, wasu a tabarma.

Hedimasta ya ce, "Malama, wannan ɗaliba ce daga jami'a, can Samaru. Digiri na biyu take yi. Za ta riƙa zama a ajinki."

Na ce, "Me za ta koyar?"

"Ba koyarwa za ta yi ba."

"To, duba aikina aka turo ta yi?"

Budurwar ta yi murmushi, ta ɗan rusuna. Ta ce, "A'a, Malama. Ilimin halayyar yara nake karantawa. Rabin mako ina asibiti, a ɗakin da ake ganin yara, rabi kuma a makaranta. Binciken da zan rubuta a kan yaran da suke surutu a gida ne, amma da sun shigo makaranta sai su yi gum. An ce kina da guda."

Ina da guda kuwa.

Bari in fara faɗin yadda ajina yake, don a gane sauran. Ban yi karatu mai nisa ba, ƙaramar takardar malanta gare ni, amma na san tsari. Kowace safiya a yi layi, a duba farce, a shiga aji, a kira suna, sannan karatu. Ba a gabatar da na baya, ba a jinkirta na gaba. Yaro ɗan shekara shida in ya san abin da ke biye da abin da yake yi, hankalinsa yakan kwanta, nawa ma haka.

Yarinyar da ake magana 'yar wani kofur ce daga barikin Basawa, mutanen kudancin Zariya. Makarantar bariki ta cika a shekarar, shi ya sa motar soja take kawo mana wasu daga cikin 'ya'yansu. Ba ta wuce shekara bakwai ba. Tsaf take, kitsonta a gyare, allonta ya fi na kowa tsabta. Amma tun ranar da ta taka ƙofar ajina ban ji muryarta ba. In na kira sunanta, yatsa take ɗagawa. Yara suna ce mata bebiya, ina hana su, in na juya baya su ci gaba. Na yi tsawa, na tsayar da ita gaban aji, na gwada alewa. Ban doke ta ba, domin bulalata ta masu surutu ce, ban san yadda ake dukan shiru ba.

Matsalar ita ce jarrabawar ƙarshen shekara a aji ɗaya ta baki ce. Hedimasta yakan zauna a gaban aji, yaro ya fito, a tambaye shi, ya amsa. Wanda bai amsa ba, bai wuce ba. Ubanta kuma ya riga ya zo ya same ni, cikin kakinsa, ya cire hula ya riƙe a hannu.

Ya ce, "Malama, ni ba na son a riƙa yi mata dariya. In ba ta wuce ba, zan kai ta ƙauye wurin tsohuwata. Gonar citta ba ta tambayar mutum biyu da uku."

Ba da fushi ya faɗa ba, kuma na san zai aikata. Ƙauyen nasu babu makaranta kusa.

'Yar jami'ar nan ta fara aiki, ni kuwa ina harararta ta gefen ido. Takan taho daga Samaru a kan wani ɗan ƙaramin babur, ta jingine shi a gindin dalbejiya, ta shigo ta zauna a tabarma can baya tare da yara, ƙafa a miƙe. Ba ta cewa komai. Yara suka sa mata Anti. In muna hira takan jefa Turanci a tsakiyar magana irin na 'yan Samaru, sai in dube ta, ta mayar da shi Hausa. Da na gaji na tare ta lokacin tara.

Na ce, "Ƙanwata, zaman nan da kike yi shi ne digirin?"

Ta ce, "Wani yanki ne nasa, Malama. Da farko na kai yarinyar asibiti da izinin iyayenta, an duba kunne da maƙogwaro, lafiya lau. Na biyu shi ne wannan, in zauna in ga wa take kallo, yaushe take sakin jiki, yaushe take ƙanƙamewa. Na uku, in je gidansu. Malamin da ke duba aikina ba ya yarda in ba da shawara sai na gama ukun nan."

A raina na ce ashe a jami'a ma ana bin abu daki-daki. Daga ranar na sa aka riƙa share mata wurin zamanta.

Ta je Basawa ita kaɗai sau ɗaya. Da ta dawo sai ta riƙa dariya ita kaɗai a bayan aji, har na tambaye ta ko lafiya. Ta ce ba za ta iya ba ni labari ba, sai dai in je in ji da kunnena. Ta ce in hau bayan baburinta. Na ce mace mai 'ya'ya uku ba ta hawa bayan budurwa ta ratsa unguwar Palladan mayafi na tashi. Muka shiga mota ranar Asabar bayan la'asar.

Uwar yarinyar tana tuyar ƙosai a bakin layinsu. Da ta gan mu ta ɗora yatsa a baki, ta sauke kasko, ta ja mu ta bayan wani ɗakin girki na kwano. Muka tsaya nan, ba mai ganinmu. Sai na ji wata murya, ƙarama amma mai kaifi.

"Kowa ya nuna farcensa! Kai, wannan farce ne ko fartanya?"

Na dafe ƙirji. Maganata ce, har da yadda nake jan ƙarshenta.

"Abu na farko, a zauna. Abu na biyu, a rufe baki. Abu na uku, a buɗe kunne. Wa ya ce ka yi hamma?"

Na leƙa ta ramin kwano. Ga yarinyar nan tsaye, ta jera gwangwanayen madara a ƙasa, ga tsinken dawa a hannunta, ga ƙanenta jariri a goye. Gwangwanayen tana nuna su da tsinke ne kawai. Maganar duk ta kafaɗa take juyawa tana yi wa na bayanta. Ta kai shi ƙidaya har ashirin, ta bi da shi ba, be, bi, bo, bu, ta gaya masa ranakun mako, ta kuma yi masa faɗa don bai maimaita ba. Babu abin da na koyar tun farkon shekara da ba ta da shi.

Uwar ta toshe baki da gefen zane tana dariya. Ta raɗa mini, "Malama, haka muke shan karatu kullum. Jiya babanta ta ce wa ya je ya yanke farce, kuma ya je."

'Yar jami'a ta tambaye ta tun yaushe yarinyar take goyon yaron. Ta ce tun da aka yi suna bai sauka daga bayanta ba, sai ranar da aka sa ta makaranta.

A hanyar komawa na ce, "To, ƙanwata, na ji. Mene ne wannan?"

Ta ce, "Tsoro ne, Yaya." Ranar ta fara ce mini Yaya. "Akwai yaran da idon mutane ke riƙe musu murya, ba da gangan suke yi ba. Abin da nake zato, in tana da goyo ita ce babba, kuma ba ita take amsawa ba, koya wa wani take yi. Amma zato ne. Sai na kai wa malamina ya duba tukuna."

Na ji daɗin wannan kalma ta zato. Na san masu ilimi da yawa da ba su taɓa furta ta ba.

Bayan ta ga malamin nata ta zo mini da shawara. Ba za a tilasta wa yarinyar magana ba, ba za a roƙe ta ba. Za a ɗauko abin da ke sa ta magana a gida a kawo makaranta, sannan a riƙa matso da makaranta kusa da ita kaɗan-kaɗan. Sai dai ƙanenta ba zai hau motar soja ba, uwar kuma ba za ta bar kaskonta ba. 'Yar jami'a ta gyara gilashi.

Ta ce, "Yaya, ɗanki fa?"

Ina da yaro ɗan wata bakwai a lokacin. Inna, uwar maigidana, takan zauna da shi a gindin mangwaro bayan azuzuwa, in fita lokacin tara in ba shi nono in dawo. Da na koma aiki bayan haihuwa na yi alkawari ba zai tsallaka dokin ƙofar aji ba, don na ga yadda wasu azuzuwa suka koma ɗakin raino. Na sha yi wa malamai biyu magana a kan haka, kuma na san suna jirana. Na ce mata sai na nemi izini.

Hedimasta ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Malama, ai ke kika kafa dokar nan. Ni amin kawai na ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to a rubuta cewa an ɗage ta saboda yarinya ɗaya, zuwa ranar jarrabawa."

Ya ce, "An ɗage. Rubutun kuma ki yi da kanki, kin fi ni iya shi."

Matakin farko a gindin mangwaro aka yi shi. Lokacin tara 'yar jami'a ta riƙo hannun yarinyar suka wuce ta gaban Inna kamar ba da niyya ba. Inna an riga an gaya mata, kuma ba ta buƙatar a koya mata wasa.

Ta ce, "Ke 'yar nan, zo ki rage mini kaya. Mijin nan nawa ci kawai ya iya, ya karya mini baya."

Yarinyar ta dubi yaron, ta dubi Inna. Ta juya baya ta sunkuya. Inna ta ce ko ita ba ta fi ta iya ɗaurin majanyi ba. Ranar yarinyar ba ta ce komai ba, jijjiga shi kawai ta yi. Bayan 'yan kwanaki Inna ta kawo mini rahoto cewa an fara yi wa mijinta faɗa a kan farce, cikin raɗa.

Daga nan aka bi tsari. 'Yar jami'a ta fara zama nesa da su tana karatu, sannan ta matso. Bayan ita sai yara biyu masu sanyin hali, aka zaunar da su a matsayin gwangwani, aka ce kada su yi dariya. Sannan ni. An sa ni in zauna a kujera in ba su baya ina duba alluna, an hana ni juyowa, an hana ni gyara kuskure. Wannan ya fi komai yi mini wuya, domin ran nan yarinyar ta tsallake sha bakwai a ƙidaya, na ji kamar in tashi tsaye. 'Yar jami'a ta taka mini ƙafa. Ita da kanta yarinyar ta koma ta gyara, ta kuma ɗora wa ɗana laifin.

Malaman nan biyu ba su bar ni ba. Ɗaya ta wuce ta ce, "Malama, an ce an buɗe sabon aji a gindin mangwaro. Nawa ɗan yaushe za a ɗauke shi?"

Na ce, "Ranar da ya samu malama kamar wannan."

Ana cikin haka abu ya ɓaci. Mun kai har barandar aji, muryar yarinyar ta fara fitowa sosai. Hedimasta ya zo wucewa ya ji, murna ta kama shi, ya tafa hannu ya ɗaga murya.

"Allahu akbar! Ashe tana magana! Ku zo ku ji!"

Yara suka yo caa daga ko'ina. Yarinyar ta kwance majanyi, ta miƙa wa Inna yaron, ta koma wurin zamanta. Washegari ba ta je gindin mangwaro ba. Wanshekare ma haka. Ga ruwa ya fara sauka, jarrabawa ta ƙarato.

Na samu 'yar jami'a a gindin dalbejiya kusa da baburinta, ta cire gilashi tana goge ido. Ta ce laifinta ne da ba ta gargaɗi hedimasta ba, ta ce wataƙila ma ba ta dace da aikin nan ba, kuma me za ta gaya wa kofur.

Na ce, "Mayar da gilashinki. Malamin naki me ya ce?"

"Ya ce in koma matakin da ta fi sakin jiki, in sake tasowa."

"To, me kike wa kuka? Mai saƙa in zare ya kuɓuce, warwarewa take ta koma inda ya kuɓuce. Gobe gindin mangwaro, ke da Inna kawai."

Ta yi dariya da hawayenta. Ta ce, "Yaya, da ke aka ba digirin nan."

Na ce, "Ni ban san a je Basawa ba. Riƙe abinki."

Hedimasta ya ji kunya ƙwarai. Da kansa ya tara yara a filin taro ya ce duk wanda ya sake tsayawa kallon gindin mangwaro zai share filin ƙwallo shi kaɗai. Shi ma ya daina bi ta wajen. A karo na biyu abin ya fi sauri. Inna ta yi ta ƙorafi da ƙarfi cewa mijinta ya manta ƙidaya tun da malamarsa ta guje shi, har yarinyar ta kasa daurewa. Daga mangwaro zuwa baranda, daga baranda zuwa bakin ƙofa, daga nan zuwa cikin aji lokacin da yara suka fita tara. Ran da ɗana ya tsallaka dokin ƙofar ajina goye a bayan yarinyar, ina tsaye ina kallon allo, ban juya ba.

Kafin jarrabawa 'yar jami'a ta shiga ofis ta yi wa hedimasta bayani. Tambayoyin su ne na kowa, ba ragi. Abu ɗaya ta roƙa, kada ya dubi yarinyar, kuma kada ya yaba.

Ranar jarrabawa an kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi. Kofur ya zo, aka ba shi benci a baranda inda zai ji ba za a gan shi ba. Aka bi suna ɗaya bayan ɗaya yadda aka saba. Da aka zo kan yarinyar ta fito da ɗana a goye, ta tsaya gaban tebur, idonta a ƙasa. Hedimasta ya gyara zama, ya leƙa ta kafaɗarta, ya dubi jaririn da fuskar jarrabawa.

Ya ce, "Kai malam, biyu da uku nawa ne?"

Ɗana ya kama gefen ɗankwalinta yana ci. Na ji ruwa na ɗiga daga kwano. Ban dubi 'yar jami'a ba, ita ma na san ba ta dube ni ba.

Sai yarinyar ta juya kai ta kafaɗa. "Ka ce biyar mana. Kullum sai na gaya maka."

Hedimasta ya cije leɓe. Ya ce, "Wace rana ce ke bin Laraba?"

"Alhamis. Ka buɗe kunne."

Ya nuna allo, ta karanta wa yaron layi biyu. Ya ce a ƙidaya, ta ƙidaya masa, sha bakwai na wurinsa. A kan ashirin ɗana ya ga ya ji karatu ya isa, ya saki fitsari har ƙasa. Aji ya fashe da dariya, na ce shi ke nan, an koma gidan jiya. Amma ba ita ake wa dariya ba, kuma ta san haka. Ta dubi hedimasta ido da ido, karo na farko, ta ce, "A yi haƙuri, Malam. Yaro ne."

Hedimasta ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce na gaba. A baranda kuwa muka ji benci ya faɗi. Kofur ne ya tashi da sauri, ya rasa wanda zai sara wa, ya je ya ƙame gaban Inna ya sara mata. Inna ta ce, "Ni me na yi? Mijina za ka gode wa, shi ya ci jarrabawa."

Yarinyar ta wuce zuwa aji biyu. Ba a kai ta gonar citta ba. Ni kuma washegari na mayar da dokata yadda take, na sanar da malaman nan biyu da bakina. Kada a ɗauka yarinyar ta koma mai surutu, har ta bar makarantarmu maganarta kaɗan ce, kuma 'yar jami'a ta ci gaba da zuwa wani zango guda kafin ta yarda ta sake ta. Amma malamar aji biyu ta gaya mini in an kira sunanta tana amsawa da baki, bayanta babu kowa.

Ƙanwar tawa ta gama bincikenta. Ba yarinyarmu kaɗai ke ciki ba, ta bi wasu yaran a Samaru da Unguwar Gabas, ta ce kowanne da inda muryarsa take ɓuya, wani ma ba ta samo tasa ba har ta gama. Ta kawo mini littafin mai baƙin bango, da Turanci, ta zauna a tsakar gidana ta fassara mini babin da ya shafe mu, Inna na gefe tana gyara mata labari. Daga baya aiki ya kai ta wani gari.

Na rubuta wannan ne saboda malamai da iyaye. In akwai yaro a ajinka ko a gidanki da makaranta ke rufe masa baki, ina roƙo a bi tsari. Da farko a kai shi a duba kunnensa. Na biyu a zauna a kalle shi, ba tsawa. Na uku, kafin a ba shi sifiri ko a cire shi daga makaranta, don Allah a taka a je inda yake kwana, a tsaya a bayan ɗaki, a ji da wa yake magana.